Gatana da Rana a Motar Zurmi

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla, amma duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kaura ya san bakina. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini ko kalma.

Gidan da mijina ya mutu ya bar ni a ciki yana kallon inda dogo ya ƙare. Daga nan babu sauran ƙarfe, sai tudun ƙasa da tumfafiya. Da can jirgi yakan zo ya huta, a juya kansa, ya koma inda ya fito, kuma duk komawar da zai yi sai ya tafi da ɗan wani. Shi ya ɗauke mini babban ɗana zuwa Ikko. Shi ya ɗauki mai bi masa zuwa Zariya, daga can ya zarce kudu. 'Yata kuwa aure ya kai ta Minna, ni da kaina na sa mata kayanta a tarago. Saboda haka na daɗe ina riƙe da hanya a zuciya. Idan maza suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna cewa gwamnati ta gyara dogo, ta zuba kwalta, nakan ɗaga murya daga cikin gida in ce a bar ta ta lalace, ko 'ya'yan mutane sa zauna kusa da iyayensu. Lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato jirgin ya riga ya zama sai ya ga dama, awaki ke kwanciya tsakanin ƙarafan. Ban yi masa kuka ba.

Wadda ta rage mini kusa ita ce ƙanwata, autar ɗakinmu, da aka aurar wani ƙauye a ƙasar Zurmi, bayan wani rafi. Ni na goye ta. Yadda nake da surutu haka take da shiru, za ta wuni tana sussuka ba ka ji tarinta ba. Da rani muke ganin juna, in tafi mata da daddawa da sabulu, in dawo da gero da kuka. Da damina kowa ya zauna inda ruwa ya same shi.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ran wata Laraba da la'asar, wani mutumin ƙauyensu da ya shigo sayen taki ya yi sallama a ƙofata. Ya ce ƙanwata tana kwance, ciki ya kumbura, ko kunu ba ya zama, kuma ta ce a ce wa Yaya ta zo. Tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa aiko a kira ni ba, ko da haihuwa, ko da mutuwar mijinta, sai dai in ji in tafi. Na ɗaure ƙullina tun kafin mutumin ya kai bakin titi. Washegari rana ba ta gama fitowa ba na rufe gida da kwaɗo na nufi tashar mota.

A lokacin an raba mana motoci, ta maza daban, ta mata daban, kuma an hana mace hawa kabu-kabu bayan namijin da ba muharraminta ba. Kada wani ya ce na yi ƙorafi. Ni na yi murna da abin, don na gaji da zama gwiwar ƙato tana soke mini haƙarƙari tun daga Kaura har inda zan sauka. Sai dai a layin Zurmi motar mata ɗaya ce tak, wata bas mai launin ƙasa da ƙofarta ke rufuwa da igiya. Ranar kuma Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, duk mai ƙafa can ya nufa.

Na tarar da ita a gindin bishiyar bedi, ba kowa a ciki. Ɗan kamashon layin, wani mai tumbi da ya saba tsokanata, ya karɓi ƙullina yana cewa, “Amarya, yau ke kaɗai ta da mota, zaɓi inda kika so.”

Na ce, “Angon da bai da ko taya guda tashi. Yaushe za ta tashi?”

“Yanzu-yanzu, da ta cika.”

Na zaɓi kujerar bakin taga na zauna. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a cikin motar haya ba, tasha tana ta hayaniya kewaye da shi, bai san wani irin kaɗaici ba. Na gida daban ne, a gida ko tsintsiya ka ɗauka. Nan kuwa ga kujeru suna kallona, ga warin mai da tsohuwar fata, ga ƙuda ɗaya yana ta bugun gilashi. Motar maza ta gefenmu ta cika ta tashi. Aka jawo wata, ita ma ta cika ta tashi. Kowace ta wuce sai in bi ta da ido har ta sha kwana, in ce da ina ciki da yanzu na kusa.

Ba wai matan Zurmi ba sa zuwa ba ne. Suna zuwa. Mace za ta leƙo, ta ga tsohuwa ɗaya da kujeru wayam, ta ce bari ta je ta sayo zare kafin a cika. Wata ta leƙo bayanta, ta ga abin da ta farko ta gani, ta ce bari ta gaishe da 'yar uwarta a cikin gari. Wata ta ce ta fasa sai gobe. Da a ce duk wadda ta leƙo ta zauna, da tun hantsi mun tafi. Na roƙi wata mai goyo ta zauna, ta ce, “Inna, ɗan ga ba ya barin in zamna cikin zahin ga,” ta juya.

Na kira ɗan kamasho na gaya masa abin da ke tafe da ni. Tsokanar ta fita daga fuskarsa. Ya je wajen shugaban layin, ina jinsa yana cewa, “A sa ta can baya cikin ta maza, ai tsohuwa ta, wa za ya ce wani abu?” A wata ranar da na ce masa uwarsa ce tsohuwa. Ranar na haɗiye. Shugaban ya zo da kansa ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce in yi haƙuri, doka sabuwa ce, idanu sun yi yawa, ba direban da zai yarda a fara da motarsa. Ya tambaye ni ko ina da ɗa ko ƙane da zai raka ni, sai a ba mu gaba mu biyu. Na ce 'ya'yana suna inda jirgi ya kai su. Direban motarmu, wani dogo mai furfura a gemu, ya ce ko in ɗauki shatar motar baki ɗaya. Na ce masa in ya ga uwar gwamna a tashar nan ya nuna mini ita in gaishe ta.

Daf da tagata akwai teburin mai shayi, maza sun kewaye shi. Maganata ce ta tayar musu da gardama. Wani tsohon ma'aikacin reluwe, wanda ya san mijina tun suna lodin gyaɗa, ya buga sandarsa a ƙasa.

“Kun gani ko? Da an ja dogo daga nan har Zurmi, har Shinkahi, har bakin iyaka, wa za ya zamna jiran mota ta cika? Jirgi ba ya jiran kowa. Tarago guda na mata, saura na maza. Shari'a ta zamna, tahiya ta zamna.”

Wani malamin firamare da ke hutu ya yi dariya. “Baba, jirginka wanda kahin ya kai Gusau sai ya tsaya nahila ga hanya? Gwamnati ba ta da aljihu biyu. Abin da za a zuba ga kwalta a gina ɗakin magani kowane ƙauye, a haƙa rijiya. In da magani kusa, mi za ya sa marar lahiya ya hau hanya?”

Direbanmu ya ce, “Malam, maganin daga sama za ya hwaɗo? Wace mota za ta kai shi? Kuma wane likita za ya zamna inda in ruwa ya sauko ba ya hita? Ni ka tambaya, ni da kullum nika ɗaure salansa da waya.”

“Ku direbobi dai kwalta kuka so don ku yi ta gudu kuna kashe muna awaki.”

“Awakinka nawa, Malam? Alli kaɗai mun ka san kana kiwo.”

Aka kwashe da dariya. Sai wani manomi daga Banga, da tun ɗazu yake tsoma burodi a shayi, ya ɗago. “Ku dai ku yi hanya ku gani. Tun da mota ta fara shiga wajenmu samari sun ka ƙare. Kowa ya ɗauki jaka. Yanzu ni da jaki muka noma. A bar ta ta lalace, ko ɗiyan mutane sa zamna gida.”

Maganata ce, har yadda nake jera ta. Ban taɓa jin ta daga bakin wani ba sai ranar, kuma ina zaune cikin motar da ta ƙi tashi. Ba ta yi mini daɗi a kunne ba.

Tsohon reluwe ya waiwayo. “Ke matar abokina, mi kic ce? A yi ko kada a yi?”

Na ce, “Ni motar ga nika so ta tashi.”

Suka koma kan gardamarsu. Inuwar bedi ta janye daga kan motar, rufin ya fara gasa ni. Aka kira azahar, na sauka na yi salla a gefen taya na koma. Ina zama sai ga mai goyon nan ta sake leƙowa, bayanta wata Bafillata da ƙoren nono da ta sayar, da wata dattijuwa mai buhun gishiri. Na ga idonsu ya bi kujeru, na ga ƙafarsu ta fara juyawa. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya buɗe.

“Gatanan gatananku.”

Suka tsaya. Mai goyo ta dafe ƙirji. “Inna, gatana da rana? Ai sai mu ɓace ga hanya!”

Haka aka gaya mana tun muna yara, wanda ya yi gatana rana tana sama hanya za ta ɓace masa. Ni kaina na sha rufe bakin yara da wannan magana, kuma tun da na yi wayo ban taɓa karya ta ba. Na ce, “Ɗiyata, hanyar Zurmi guda ta. In mun ɓace, ramu na nuna muna gida. Ku amsa mini.”

Bafillatar ce ta amsa tana dariya, “Ta zo mu ji ta.”

Nan take na ƙaga ta, ba ta cikin waɗanda na gada. Wata mata ce mai aikin tsiya, tun asuba daka, surfe, ɗiban ruwa, itace, ba ta zama. Ran nan inuwarta ta gaji ta ce, ni ba baiwarki ba ce, duk inda kika sunkuya sai in sunkuya, ko hura ba a taɓa dama mini ba. Ta naɗe zanenta ta yi yaji. Mata ta fita tsakar gida ba inuwa, kaji suka gudu, miji ya ce shi ba zai zauna da macen da rana ke ratsawa ba, ta je bikon inuwarta. Na kawo ta har bakin wata kasuwa inda inuwoyin da suka gudu daga iyayen gijinsu suke zaune suna kitso, ta hango tata a tsakiya an yi mata lalle. Sai na katse a nan na gyara ɗankwali.

“To, sai mi?” in ji mai gishiri.

Na ce, “Sauran na mai kujera ne.”

Suka shigo suna zagina cikin dariya. Mai goyo ta ce ba ta taɓa ganin tsohuwa mai wayon ɓera kamata ba. Na ci gaba, na ɗaga murya yadda za ta fita ta taga. Duk macen da ta leƙo yanzu ba kujeru take gani ba, bayan mata take gani sun karkato wuri ɗaya, sai ta shigo ta ji me ake rabawa. Wata mai fura ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa, aka aike ta ta kira wadda ta tafi sayen zare. Maza ma sun bar gardama, ɗan kamasho ya jingina da mota yana yi kamar igiya yake gyarawa. In na ga wata ta fara duban waje sai in jefo sabon abu, inuwa ta ce sai an biya ta da turmin atamfa, ko inuwar limamin garin ta fito ta ce ita ma ta gaji da ruku'u. Motar ta yi ta girgiza da dariya.

Ni kuwa bakina ne kawai yake wurin. Ban taɓa yin gatana irin wannan ba, mutane suna riƙe ciki, ni ina ganin tabarma a wani ɗaki da mace kwance tana kallon ƙofa. Ba wadda na gaya wa a cikinsu. Na ji tsoron in na faɗa dariyar za ta mutu, su tuna da zafi su sauka.

Rana ta karkata sosai kafin kujerar ƙarshe ta samu mai ita. Direba ya ce, “Inna, gobe ma ki zo, mu raba aiki.” Aka ɗaure ƙofa, aka tura motar, ta yi tari ta kama.

Hanyar kuwa sunan kwalta kawai ya rage mata. Mota ta faɗa wannan rami ta fito ta faɗa wancan, kawunanmu suna gaisawa da rufi. Gero ya yi kore shar hagu da dama, gabas kuma ta fara haɗa baƙi. Matan ba su bar ni na huta ba, suka ce na yi alkawari. Muka iso wani wuri da ruwa ya cinye kwalbati, motoci suna sauka ta cikin gonar wani, cikin taɓo, ɗaya bayan ɗaya. Direba ya tsaya don wata akori-kura shuɗiya da ta taho daga wajen Zurmi ta riga shi shiga. Ta wuce mu a hankali tana tangaɗi, kusa har da na miƙa hannu da na taɓa ta. A bayanta maza sun juya mana baya, sun ɗaga zane suna yi wa wani da ke kwance inuwa. Ƙafafu kawai na gani, tafin ya yi fari da ƙura, ɗaya kan ɗaya.

Matan suka ce, “Allah sarki. Allah shi ba da lahiya.”

Na ce amin. Mai gishiri ta taɓa ni ta ce, “To, inuwar ta yarda ta koma?” Na ci gaba daga inda na tsaya.

A mararrabar ƙauyen aka sauke ni, ni kaɗai. Suka yi ta ɗaga mini hannu, Bafillatar tana cewa na cuce su ban kai ƙarshe ba. Na ɗora ƙulli na kama ƙafa. Rafin da na ce, da rani yashi ne zalla, yara ke wasa a ciki, shi ya sa ba wanda ya taɓa ajiye kwale-kwale a wurin. Ranar ruwan ya kawo mini gwiwa. Na tattare zane na ratsa, iska mai sanyi tana tura ni ta baya.

Na yi sallama a gidan. Matar babban ɗanta tana kwashe shanya, ta ɗago ta gan ni, sai ta saki faifan.

“Inna! Ba ku gamu ba?”

Na ce da wa.

Ta ce tun safe suke jirana. Ko jaki ya wuce bayan danga sai ƙanwata ta ce, Yaya ta? Da rana ta take tsaka ciwon ya tsananta, sai ta ce wa 'ya'yanta su kai ta Kaura, asibitin can ya fi girma, kuma tun da Yaya ba ta samu zuwa ba ita ta je. Suka ɗora ta a amalanken shanu har bakin titi, suka yi ta jira, har Allah ya kawo wata mota.

Na ce, “Wace iri?”

“Wanda ya maido shanu ya ce akori-kura ta, shuɗiya.”

Ashe ƙafafunta ne na gani, ƙafafun da na wanke tun suna cika tafin hannuna. Na tsaya da ƙulli a ka ban sauke ba. Na juya zan koma, matar ta riƙe mini zane, kafin mu gama ja-in-ja ruwa ya tsinke kamar an kwance bakin salka. Da ya tsagaita na fita duk da haka, ta biyo ni. Tun daga nesa muka ji rafin. Inda na ratsa ɗazu ya zama jan ruwa yana tafe da itatuwa, har da wata tunkiya da ƙafafunta ke sama.

A ɗakinta aka sauke ni. Tabarmarta tana shimfiɗe yadda aka ɗauke ta, ga ƙoƙon kunun da ba ta sha ba an rufe da faifai, ga tasbaharta a rataye jikin ƙusa. Ɗakin yana warinta, hayaƙi da man kaɗe. Da safe kajinta suka taru a bakin ƙofa suna leƙena, suka ga ba ita ba ce, suka watse. Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa, in ya huta da hantsi ya dawo da la'asar.

Kullum gari ya waye sai in tafi bakin rafi. Ba ni kaɗai ba, akwai masu buhuna, akwai mai kai amarya, kowa ya zauna yana kallon ruwa, can ƙetare ma haka. Mutanen wurin sun saba. In ruwa ya raba su sai a yi magana da ihu, kuma ladanin ƙauyen, da yake ya fi kowa murya da kunne, shi ke tsayawa kan wani dutse yana karɓa yana mayarwa. Haka ake aika gaisuwa, haka ake sanar da haihuwa, har cinikin akuya na ga an ƙulla.

A zaman nan na yi ta juya gardamar teburin mai shayi. Malamin makaranta bai yi ƙarya ba, da akwai ɗakin magani a ƙauyen da ba a ɗora ta a amalanke ba. Manomin Banga ma bai yi ƙarya ba, hanya tana kwashe 'ya'ya, ni shaida ce. Amma lalacewarta ba ta dawo mini da ko ɗaya ba. Waɗanda suka tafi sun tafi da ƙarfinsu, ko ta kan ƙaya ne za su tafi. Wanda rami da rafi suke tsarewa shi ne tsoho da marar lafiya da mai naƙuda. Akwai wadda ta ce mini daga baya gatanar rana ce ta raba mu. Na ce mata a'a, hanya ba ta ɓace mana ba, muna kanta mu duka biyu. Mota ɗaya ce ta yi wa mata kaɗan, kuma rafi ba gada. Har yau in aka tambaye ni abin da gwamnati za ta fara yi, ba na jan magana, nakan ce gada, sannan a dawo a yi gardamar sauran.

Ran nan da hantsi, rana ta ɗan fito, sai na hango ƙaramin ɗan ƙanwata ya sauko gangaren ƙetare. Shi kaɗai ne. Na miƙe. Ya tsaya daf da ruwa, ya haɗa hannuwa a baki ya yi kira, ruwa ya cinye maganar. Ladan ya hau dutsensa ya kama kunne. Ya sake kira. Na ga ladan ya sauke hannu a hankali.

Na ce, “Mi yac ce?”

“Inna, sai haƙuri.”

“Ban tambaye ka haƙuri ba. Ka ce mashi ya sake, ni za ni ji da kunnena.”

Ladan ya yi masa alama. Na matsa har ruwa ya taɓa mini yatsu. Wannan karon iska ta kawo mini ita a gutsure. Ta cika jiya da safe. Sun kai ta gidana, maƙwabta suka fasa kwaɗo, a ɗakina aka yi mata wanka. An rufe ta a Kaura.

Ya ƙara wata maganar, ita kam ban kama ba, ladan ma ya girgiza kai. Na ɗaga masa hannu don ya san na ji. Ya tsuguna a can, na tsuguna a nan, ruwa yana wucewa tsakaninmu. Masu buhuna suka cire huluna suka yi salati.

Matar ɗanta ta fashe da kuka ta faɗo jikina. Na bar ta ta yi mai isarta, sannan na ɗago ta na gyara mata mayafi. Babba a gidan yanzu ni ce, mazan duk suna ƙetare. Na ce ta wuce gaba ta share tsakar gida, ta fito da tabarmi, ta ɗora ruwa a wuta, mutane za su fara shigowa.